Bauta ko Ladabi? Taƙaddamar Allunan Magabata a Ƙasar Sin

A gidajen Sinawa na dauri, akan ajiye allunan katako masu ɗauke da sunayen magabata, kullum maigida ya ƙona turare, ya rusuna a gabansu. Ma'anar wannan rusunawa ce ta raba kan 'yan mishan. Matteo Ricci, wanda ya rasu a 1610, ya ɗauke ta ladabin ɗa ga mahaifi. 'Yan ɗariƙar Dominikan suka ce bautar gumaka ce. A 1700 Sarki Kangxi ya gaskata fassarar Ricci, amma Fafaroma Clement na 11, daga nesa, ya haramta al'adar a 1704. Kiristocin Sin suka shiga tsaka mai wuya, domin a idon dangi, mai yar da allon ubansa ya yar da asalinsa. Sai a 1939 fadar Fafaroma ta sassauta hukuncin.