FASHIN BAƘI: Wa ya cancanci riƙe wane makami? Abin da tarihi, al'ada da doka suka tanada a kudancin Kano

A ƙarshen watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano a garin Uromi na jihar Edo, suna kan hanyar komawa gida bikin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau. Akasarinsu mutanen ƙaramar hukumar Bunkure ne. Kisan ya farfaɗo da wata tsohuwar tambaya da ta shafi duk ƙasar da farauta ke da tushe, musamman Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa: wane makami aka yarda mutum ya riƙe, wa ke ba da izinin, kuma wa ke tabbatar da cewa ya iya sarrafa shi?

Ma'auni biyu

Duk tsarin da ya shafi makamai yana tsayawa ne a kan ma'auni biyu. Na farko daidaito, wato kowane makami yana da fa'ida, yana kuma da naƙasun da ke rage masa kaifi. Na biyu ƙwarewa, wato amfanin makami ya dogara ga hannun da ke riƙe da shi.

Inda aka fi rubuta waɗannan ma'aunai dalla-dalla shi ne wasannin labarin jarumai da ake yi a kan tebur, irin su Dungeons & Dragons wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, an raba makamai gida biyu: na gama-gari da na mayaƙa. Ana auna ɓarnar wuƙa da ƙwayar lido mai fuska 4, ta dogon takobi da mai fuska 8. Takobin da ya fi su ɓarna yana cinye hannu biyu, don haka mai shi ba zai riƙe garkuwa ba. Wanda ya ƙware da makami yana samun ƙarin maki daga 2 zuwa 6 a kowane hari, wanda bai ƙware ba kuwa ba ya samun komai. Manufar ita ce kada makami ɗaya ya shafe sauran. Mayaƙan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan lissafi, sai dai su da rayukansu suka biya kuɗin koyonsa.

Yadda aka daidaita makamai a dā

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Littafin ya kuma ambaci Babba Zaki (1768 zuwa 1776) a matsayin sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Daga nan rundunar Kano ta kasu bisa makami: 'yan lifidi, 'yan sulke, barade masu saurin kai hari, dakaru masu mashi da takobi da garkuwa, 'yan baka, sai 'yan bindiga.

Kowane rukuni yana da inda yake cin nasara da inda ake cin sa. Lifidi, wanda ake ɗinkawa a cusa masa auduga, yana tare kibiya, amma yana da nauyi da zafi, yana gajiyar da doki, kuma wuta na kama shi. Barde yana da sauri a fili, amma cikin duwatsu da kurmi dokinsa kan zame masa kaya. Baka ba shi da tsada, talaka ma yana iya mallakarsa, ga dafin kwankwani da ake shafa wa kibiya yana mai da ƙaramin rauni ajali. Naƙasunsa shi ne da zarar mahayi ya cim ma ɗan baka a sarari, magana ta ƙare. Bindigar wancan zamani tana firgita dawaki, amma ɗura ta yana cin lokaci, kuma damina na lalata albarushi.

Yaƙin Tafkin Kwatto na Yunin 1804 ya nuna haka a fili, domin jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa, sun karya rundunar Gobir mai tarin dawaki. A kudancin Kano ma, cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Ningawa sun yi ta kai hare-hare daga duwatsunsu, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi da su ba tare da ya murƙushe su ba. Yanayin ƙasa ya tsaya wa mai kibiya, ya hana mai doki sakat.

Ranar da daidaiton ya rushe a Bebeji

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji sama da 700, da igwa huɗu da bindigogin Maxim huɗu. Ranar 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, mutanen gari suka rufe ƙofa suka tsaya a bayan ganuwa. Igwa ta fasa ƙofar, garin ya faɗi a ranar. Kwana biyu bayan haka, ranar 3 ga Fabrairu, aka ci birnin Kano, Sarki Alu yana kan tafiyarsa ta Sakkwato.

Wannan rata ba ta zo bisa tsautsayi ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa mafi yawan Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa a buɗe ga tsofaffin bindigogin da ake ɗurawa ta baki. Ma'ana, makami mai ƙarfi na mai mulki ne, mai rauni kuwa na wanda ake mulka. Inuwar wannan rabo tana nan cikin dokar Najeriya har yau.

Abin da dokar Najeriya ta ce

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta kasa bindigogi gida uku:

Rukuni na farko, haramtattun bindigogi: igwa, roka, bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja irin masu harsashi milimita 7.62, da ƙananan bindigogin hannu wato fistol. Shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da lasisinsu, kuma hukuncin mallakarsu ba da izini ba ɗaurin aƙalla shekara 10 ne.

Rukuni na biyu, bindigogin amfanin kai: irin su bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, da bindigar iska. Lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

Rukuni na uku, bindigogin da ake ɗurawa ta baki, wato bindigar toka ko harba-ka-ruga. Waɗannan suna ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha.

Wani sashe na dokar ya hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda ba ya iya kame kansa, da wanda aka samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. Ya kuma bayyana cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da za a tilasta wa hukuma ta bayar. Shi ya sa lokacin da gwamnan Zamfara na wancan lokaci, Bello Matawalle, ya nemi jama'arsa su mallaki bindiga a Yunin 2022, hukumomin tsaro na tarayya suka ce ba huruminsa ba ne. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba cibiyar ƙasa mai yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai gindin zama, ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Giɓin ƙwarewa

Sharuɗɗan dokar sun duba shekarun mutum da hankalinsa da idonsa da halinsa, amma ba su ƙunshi gwajin iya harbi ko sanin ƙa'idar ajiye makami ba. A nan al'ada ta riga doka. A tsarin farauta na gargajiya yaro yakan fara da gora da rakiyar karnuka, ya bi uba ko maigida shekara da shekaru, kafin a sakar masa baka ko bindiga. Sarkin Baka ko Sarkin Dawa shi ke sanin wanda ya isa da wanda bai isa ba, shi ke raba rigimar nama, shi ke hukunta wanda ya yi ganganci. Sai dai wannan shaida ta baki ce, tana aiki ne inda aka san mutum da iyayensa. Da mafarauci ya tsallaka wata jiha, babu mai karanta ta.

Sauran makaman da ba bindiga ba, irin su adda, barandami da gariyo, ba su cikin Dokar Bindigogi. Kayan gona ne da na daji, har sai an fito da su wurin taro ko gangamin siyasa, inda dokokin zaman lafiya da na zaɓe ke hawa kansu. Rikicin zaɓen Fabrairun 2023 a Tudun Wada, wanda aka rasa rayuka a cikinsa, ya nuna yadda makamin da ya bar muhallinsa ke zama masifa.

Lissafin dajin Falgore

Dajin Falgore ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikinsa. Ya yi suna wajen ɓoye ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ba sojoji wani ɓangarensa domin atisaye. Mafarauta da 'yan banga su ne suka san hanyoyin dajin, kuma su ake nema idan ana bin sawu. Amma bindigar toka harbi ɗaya take yi a sake ɗura ta, alhali AK-47 tana ɗaukar harsashi 30, tana kuma samun abin hari daga kusan mita 300. Wanda ya bi doka yana riƙe da makami mafi rauni, wanda ya taka ta yana riƙe da mafi ƙarfi.

Masu neman a sassauta dokar suna kafa hujja da wannan rata. Masu adawa kuma suna cewa makamin da aka raba yau domin tsaron ƙauye, shi zai bayyana gobe a rumfar zaɓe ko a rikicin manoma da makiyaya, kuma wanda ya ba da shi ba ya iya karɓe shi.

Tambayoyin da suka dace a yi wa wakilai

Tun da majalisar tarayya ce ke da ikon gyara dokar, 'yan majalisar mazaɓun Ƙiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa, da sanatan Kano ta Kudu su ne ƙofar farko. Ya dace a tambaye su ko za a sa horo da gwaji cikin sharuɗɗan lasisi, ko za a samar da rajistar mafarauta da kowace jiha za ta amince da ita, da kuma wanda zai ɗauki alhaki idan ɗan sa-kai ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba. Ga mafaraucin da zai yi doguwar tafiya kuwa, abin da ya fi kusa shi ne ya tabbatar takardarsa daga hannun 'yan sanda ta fito, domin katin ƙungiya ba ya maye gurbin lasisi a gaban kotu.