Daga Filin Sukuwa na Legas zuwa Tashar Idu

Da tsakar daren da ya waye 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas, aka ɗaga mai kore da fari. Da gari ya waye, Gimbiya Alexandra, a madadin Sarauniyar Ingila, ta miƙa takardun mulkin kai, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi jawabi a matsayin Firayim Minista. A lokacin, wurin da Abuja take yanzu ƙauyukan Gwarawa ne da gonakin doya da dawa. Sai a Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yi dokar kafa sabon babban birni, ba a kuma tare ba sai 12 ga Disamba 1991. Ke nan birnin da ake yi wa 'yanci fareti a cikinsa shi kansa 'yanci ne ya haife shi. Saboda haka nake ganin wanda ke son ya auna abin da ranar ta haifar, gara ya wuce dandalin faretin, wato Eagle Square, ya nufi tashar jirgin ƙasa ta Idu da ke Abuja.

Dogon da Turawa suka shimfiɗa ya isa Kano a 1911, kuma ba don zumunci aka yi shi ba. An ja shi ne daga inda kaya suke zuwa inda jirgin ruwa yake jira: gyaɗar Kano, audugar Zariya da Funtuwa, fatu da ƙiraga, kuzar Jos. Dalar gyaɗa da ake tinƙaho da ita, buhuna ne da aka jibge suna jiran tarago ya kai su bakin teku. Bayan mulkin kai an ƙara layin har Maiduguri a 1964, daga nan sakaci ya ci shi. Amma sabon layin da aka buɗe ranar 26 ga Yuli 2016, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, ya haɗa babban birnin da 'yan ƙasa suka zaɓar wa kansu da Kaduna, tsohuwar hedikwatar Jihar Arewa, kuma mutane ne kayansa: ma'aikata, 'yan kasuwa, ɗalibai, masu zuwa gaida iyaye.

Wani zai ce ina 'yanci a nan, alhali kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya yi aikin, da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na can? Maganar tana da nauyi, domin mai bin ka bashi yana da ta cewa a gidanka. Amma a 1911 babu Bakano ko Bazazzage da aka tambaya ta ina dogo zai bi. Yau gwamnatinmu ce ta sa hannu, kuma talaka yana da ikon ya tuhume ta, ya kuma kayar da ita a akwatin zaɓe. Bashin namu ne, laifin dogaro da ƙasashen waje shi ma namu ne, kuma a nan ne ya kamata jawabin shugaban ƙasa na kowace 1 ga Oktoba ya tsaya ya yi bayani.

Akwai kuma masu cewa bikin ɓarnar kuɗi ne, tunda tsaro ya gagara. Hujjarsu ba ƙarama ba ce: bam ya tashi kusa da Eagle Square ana tsakiyar bikin shekara 50 a 2010, har aka shafe shekaru ana yin bikin a cikin fadar Aso Rock, nesa da idon jama'a. Ranar 28 ga Maris 2022 kuma 'yan bindiga suka tare jirgin da ya taso daga Idu, suka kashe wasu, suka yi garkuwa da fasinjoji da dama. Ban ga dalilin soke ranar saboda wannan ba. A rage kashe kuɗin, a bar ranar, domin iyalan waɗanda aka sace, shugabanninsu na Abuja suka riƙa yi wa zanga-zanga, ba wani gwamna da aka turo daga Landan ba, har aka sako ragowar mutanen a Oktoban shekarar, jirgin ya dawo aiki a Disamba.