Siffanta Kayan Na'ura ga Ƙwayar Linux: Nazari Daga Kafanchan

Tsakure: Maƙalar nan tana duba yadda ake sanar da ƙwayar Linux kayan da ke jikin ƙananan na'urori, tana kuma kafa hujja cewa a wuri irin Kafanchan, tsawon ran na'ura ya rataya ne a kan rubutacciyar siffarta kamar yadda ya rataya a kan ingancin ƙirarta.

A shekarun 2000, lokacin da Gidauniyar Fantsuam da ke unguwar Bayan Loco ta ga yadda zafi da ƙurar hunturu da rashin tabbacin lantarki suke hallaka kwamfutocin da ake kawowa daga Turai, sai ta haɗa kai da kamfanin ExpLAN na Ingila a kan wata kwamfuta mai suna Solo, wadda aka gina a kan farosesar ARM domin ta wadatu da kimanin wat 8.5, abin da hasken rana zai iya ɗauka. Hikimar wannan zaɓi a fili take. Amma a ƙarƙashinta akwai wata mas'ala da ba kasafai ake ambatonta ba.

Mas'alar kuwa ita ce, babbar kwamfuta tana iya tambayar abin da aka jona mata ta PCI ko USB ya faɗi sunansa da kansa, alhali a ƙaramin allo, kayan da ke kan layukan I2C da SPI bebaye ne, ba sa amsa kira sai ga wanda ya riga ya san mazauninsu. A wancan zamani, duk allon ARM da aka so Linux ta hau, sai an ba shi lambarsa, an kuma rubuta masa fayil nasa na musamman da harshen C a cikin ƙwayar kanta, har fayilolin suka yi yawan da ya sa Linus Torvalds ya fito ya yi kakkausan suka a watan Maris na 2011.

Maganin da masana suka yi ittifaƙi a kansa, wato bishiyar na'urori, yana da isnadi mai tsawo: ya samo asali daga kamfanin Sun, ya zama ƙa'idar IEEE 1275 a 1994, ya shiga Linux ta hanyar PowerPC, kafin Grant Likely da abokan aikinsa su kawo shi ARM a 2011. Ana rubuta matanin da ke siffanta kayan allon, manhajar dtc ta dunƙule shi, sa'an nan manhajar tayarwa irin U-Boot ta miƙa wa ƙwaya. Kowane reshe yana ɗauke da siffofin abu guda. A reshen tashar saƙo, alal misali, layin compatible yana cewa "arm,pl011" domin ƙwaya ta san direban da za ta kira, layin reg yana faɗin adireshi da faɗinsa, layin interrupts kuma yana nuna ta inda abin zai ja hankalin farosesa. Kuma idan aka kuskure lamba ɗaya tak a adireshin, na'urar za ta kunnu, fitilarta ta haska, amma ba za ta rubuta ko harafi ba.

A ganina, fa'idar da ta fi shafar kudancin Kaduna ita ce raba siffa da zatin ƙwaya, domin mai gyara a Kafanchan ko Zonkwa, wanda tsohuwar na'ura ta zo hannunsa bayan kamfaninta ya yi watsi da ita, zai iya ɗora mata sabuwar Linux matuƙar matanin siffarta ya shiga babbar taskar da kowa ke iya karantawa, akwai kuma direbobinta. Sai dai kamfanoni da yawa, musamman masu arhar wayoyi, ba sa kai nasu can. Ana iya zaro dunƙulallen fayil daga na'urar a warware shi da dtc, amma sharhin da injiniyoyi suka rubuta a gefe ya ɓace tun wajen dunƙulewa, sunaye da yawa sun koma lambobi, sai mai gyara ya bi allon da mita, waya bayan waya, kafin ya gane wace ƙafa ce take kunna wane abu.