Sphenoptera: ɗan ƙwaro mai ƙyallin tagulla da ke cin auduga ta ciki

Sphenoptera jinsi ne na ƙananan ƙwari masu taurin fiffike, daga dangin da masana ke kira Buprestidae, wanda aka ƙididdige ire-irensa sama da 15,000 a duniya. Shi kansa jinsin Sphenoptera ya haura iri 1,000, akasarinsu a busassun yankunan Afirka da Asiya. Waɗanda ke addabar auduga tsawonsu bai cika wuce santimita ɗaya ba. Jikinsu siriri ne, mai tsini ta baya, yana sheƙi kamar gogaggiyar tagulla. Wannan sheƙi ba rini ba ne: ɓawon jikin yana da siraran shimfiɗu da ke karya hasken rana, shi ya sa ko ƙwaron ya mutu launinsa kan daɗe bai dushe ba.

Babban ƙwaron ganye yake ɗan gatsa, ɓarnarsa kaɗan ce. Aika-aikar tana wajen tsutsarsa. Macen kan saka ƙwai a jikin kara, sau da yawa kusa da gindi. Tsutsar da ta fito fara ce, marar ƙafa, gabanta a faffaɗe. Takan huda ɓawo ta shige, ta yi ta sassaƙa rami a tsakiyar karan, tana barin garin itace a bayanta. Idan ramin ya datse hanyar da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye, sai shukar ta yi yaushi ko da ƙasa na da damshi. Ƙaramar shuka takan mutu, babba kuwa iska kan karya ta. A cikin ramin tsutsar ke rikiɗa, sannan ta fito cikakken ƙwaro. An san wannan ɓarna a gonakin audugar Indiya da Sudan da Afirka ta Yamma, kuma tana taɓa dangin auduga irin su kuɓewa.

Tunda tsutsar a ɓoye take, feshin magani bai cika isa gare ta ba. Abin da ya fi ci shi ne tsohuwar dabara: a tuge shukar da ta kamu, a kuma tumɓuke karan auduga a ƙone bayan girbi, domin a cikinsu ƙwari da cututtuka ke fakewa har damina ta zagayo. Dabara ce mai arha, amma tana buƙatar malamin gona da zai kai ta ƙauye, da maƙwabtan da za su yi ta tare. Gona ɗaya da aka bari da kara ta isa ta mayar da aikin saura baya. Binciken auduga a Najeriya yana hannun Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya.

Ga mazaunin Kudenda, batun ba na nesa ba ne. A maƙwabciyarta Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited a 1957, United Nigerian Textiles ta biyo baya a shekarun 1960, dukansu sun dogara da audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau. Ta farkon ta rufe a 2002, ta biyun a 2007. Ba ƙwaro ne ya rufe su ba. Rashin wuta da fasa-ƙwaurin atamfa sun fi shi laifi. Sai dai tun da Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje a 2019, maganar farfaɗo da masaƙu ta fi karkata ga rance da injina, alhali kowace ƙadar auduga daga kara mai lafiya take fitowa.