Edward Angle da Kafuwar Fannin Daidaita Haƙora

Gabatarwa

A yau, likitan haƙori da ya kammala digirinsa, idan yana son ya ƙware a fannin daidaita haƙora, wato otodontiks, sai ya koma ya yi ƙarin horo na shekara biyu ko uku, a wasu ƙasashen ma fiye da haka. Hanyar a share take: akwai makaranta, akwai jarrabawa, akwai ƙungiyar ƙwararru da mujallunta. Shekara 150 da suka wuce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gyaran karkatattun haƙora ɗan aiki ne da likita kan taɓa a gefe, tsakanin cire ruɓaɓɓen haƙori da cike rami. Wanda ya fi kowa hannu wajen mayar da shi fanni mai cin gashin kansa shi ne wani Ba'amurke, Edward Hartley Angle (1855–1930). Wannan maƙala za ta bi sawun rayuwarsa, ta nuna yadda ya gina fannin, da yadda ɗalibansa suka gyara babban kuskurensa da kayan aikin da shi ya ba su.

Kafin zuwan Angle

Ba Angle ne ya fara tura haƙori ya koma layi ba. A shekarar 1728 likitan Faransa Pierre Fauchard ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake ɗaure haƙora a jikinsa domin su miƙe. A Amurka kuma Norman Kingsley ya wallafa babban littafi kan nakasar baki a 1880. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsari. Kowane likita da irin na'urarsa, yakan ƙera ta da hannu domin majiyyaci ɗaya, kuma babu sunayen da aka yi ittifaƙi a kansu na ire-iren karkacewar. Likita biyu kan duba baki ɗaya, kowa ya siffanta shi da kalmominsa, har a rasa yadda za a kwatanta sakamakon aikinsu. Idan haƙora suka cunkushe kuwa, mafi sauƙin magani shi ne a cire wanda ya fita layi.

Daga gona zuwa kujerar likita

An haifi Angle ranar 1 ga Yuni, 1855, a Herrick, cikin jihar Pennsylvania, a gidan manoma. Tun yana yaro hankalinsa ya fi karkata ga ƙere-ƙere da injuna fiye da noma. Ya fara koyon aikin haƙori a hannun wani likita na yankinsu, kamar yadda ake koyon kowace sana'a a wancan zamani, sannan ya shiga kwalejin likitancin haƙori ta Pennsylvania da ke birnin Filadelfiya, ya kammala a 1878. Daga nan ya buɗe wurin aikinsa a garin Towanda.

Bai daɗe ba ciwon tarin fuka ya kama shi a 1881. Ya bar gida ya koma Minneapolis domin canjin iska, har ta kai shi ga ajiye aikin likita ya tafi Montana kiwon tumaki tare da ɗan'uwansa. Wani matsanancin hunturu ya halaka garken, jarin ya tafi. Dole ta mayar da shi Minneapolis da kujerar likita, kuma a nan ne sha'awarsa ta ƙere-ƙere ta haɗu da matsalar karkatattun haƙora. A 1886 aka ba shi aikin koyarwa a wata kwalejin likitanci ta birnin. Shekara ɗaya bayan haka, a babban taron likitoci na duniya karo na tara da aka yi a Washinton, ya gabatar da maƙala kan tsarinsa na daidaita haƙora. Wasu manyan likitoci sun yi masa ca, suna cewa dabarun ba sababbi ba ne. Duk da haka, wannan maƙala ce ta zama tushen littafinsa, wanda ya yi ta faɗaɗawa har bugu na bakwai a 1907.

Shawarar 1892

Hausawa na cewa ba a tauna taura biyu a baki. A 1892 Angle ya daina duk wani aikin haƙori in ban da daidaitawa. Shawara ce mai haɗari, domin cire haƙori da cike rami da dasa na roba su ne ke kawo kuɗin yau da kullum, alhali daidaita haƙoran yaro ɗaya kan ɗauki shekaru. Shi ya sa ake lissafa shi a matsayin likitan farko da ya keɓe kansa ga wannan fanni. Ya koyar a Shikago, sannan ya koma St. Louis, inda ya ƙara da samun digirin likitanci a 1897.

Dalilin tsawon aikin yana cikin halittar jiki. Haƙori na zaune ne a cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan aka ɗora masa matsi mai sauƙi wanda ba ya yankewa, ƙashin da ke gabansa yakan narke a hankali, sabon ƙashi kuma ya ginu a bayansa, sai haƙorin ya gusa. Idan aka yi gaggawa aka tsananta matsin, ana iya lalata saiwar. Aiki ne na haƙuri da awo, kuma Angle ya yi imani cewa wanda hankalinsa ya rabu gida goma ba zai iya shi ba.

Rabe-raben 1899

Babbar gudummawarsa ta fito a mujallar Dental Cosmos a 1899. Ya zaɓi haƙori ɗaya ya mayar da shi ma'auni, wato turmin farko na sama, wanda kan tsiro lokacin da yaro ya kai kimanin shekara shida. Idan aka rufe baki, tsinin gaba na wannan turmi ya kamata ya zauna cikin tsagin da ke jikin turmin farko na ƙasa. Daga wannan ma'auni ya fitar da rukuni uku.

A rukuni na ɗaya, turamen sun haɗu daidai, amma sauran haƙoran sun cunkushe, ko sun juya, ko sun bar tazara. A rukuni na biyu, turmin ƙasa ya ja baya, sau da yawa haƙoran sama na gaba su turo waje, haɓa ta yi kamar ta shige ciki. A rukuni na uku, turmin ƙasa ya wuce gaba, haƙoran ƙasa su sha gaban na sama, haɓa ta fito.

Masana sun nuna gazawar wannan tsari, musamman cewa yana duban gaba da baya kaɗai, bai kula sosai da faɗi da tsayin fuska ba. Amma sauƙinsa ya sa ya zauna daram. Har gobe, ɗalibin likitancin haƙori a ko'ina cikin duniya da waɗannan rukunai uku yake fara koyon siffanta cizon majiyyaci.

Makaranta, ƙungiya da kayan aiki

Angle ya nemi kwalejojin likitancin haƙori su ba wannan ilimi sashe na kansa, ba su biya masa buƙata ba. Sai ya buɗe tasa makarantar a St. Louis a 1900, inda likitocin da suka riga suka kammala karatu kan zo su yi kwas na 'yan makonni. Ɗaliban farko 'yan tsiraru ne. Daga cikinsu da malaminsu aka kafa ƙungiyar ƙwararrun fannin ta Amurka, wadda ta yi taronta na farko a 1901, aka kuma fara buga mujalla ta musamman a 1907. Makarantar ta bi shi duk inda ya koma, daga St. Louis zuwa gabashin ƙasar, daga ƙarshe zuwa Pasadena a Kalifoniya. Matarsa Anna Hopkins, wadda ta fara a matsayin sakatariyarsa kafin ita ma ta zama likitar haƙori, ta riƙe masa rubuce-rubuce da harkokin makarantar.

Malami ne mai tsanani. Yakan tilasta wa ɗalibi ya ɗauki hoton fuskar majiyyaci, ya kuma zuba samfurin haƙoransa kafin aiki da bayan aiki, ya adana. Ya gayyato wani malamin zane, Edmund Wuerpel, ya koya musu kallon fuska. Angle kansa yana ganin mutum-mutumin Apollo na Girkawa shi ne ƙololuwar kyau, amma Wuerpel ya nusar da shi cewa ba a auna kowace fuska da ma'auni ɗaya. Mai karatu Bahaushe zai gane wannan da sauri, tun da wushirya, wadda littafin likita ke iya lissafawa cikin tazarar da ake rufewa, ado ce a ƙasar Hausa.

A ɓangaren na'urori, ya ƙirƙiro iri huɗu a jere, kowace tana gyara gazawar ta baya, kuma ya sa kamfani yana ƙera sassansu da yawa domin likita ya saya ya harhaɗa. Ta ƙarshe, wadda ya bayyana a 1928, ita ce ta fi tasiri. Ana ɗora wa kowane haƙori ɗan ƙarfe mai tsagi, faɗin tsagin inci 0.022, zurfinsa inci 0.028, sai a zura waya mai kusurwa huɗu a ciki. Da yake wayar ba ta iya juyawa a cikin tsagin, likita na iya sarrafa kan haƙori da saiwarsa ta kowace fuska. Yawancin ƙarafan da ake gani a bakin matasa a yau jikokin wannan na'ura ne.

Rigimar cire haƙori

A bugu na shida na littafinsa, Angle ya yarda a cire haƙori a wasu lokuta. A bugu na bakwai ya rufe wannan ƙofa. Ya dogara da binciken likitan Jamus Julius Wolff, wanda ya nuna cewa ƙashi kan sake siffa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Angle ya ɗauka cewa idan aka jera haƙora 32 daidai, tauna za ta sa muƙamuƙi ya girma ya ɗauke su duka. Calvin Case na Shikago ya ƙi yarda, yana cewa akwai bakin da ba shi da wurin da zai ɗauki dukkan haƙoran. A muhawarar da aka yi a 1911, ɗalibin Angle mai suna Martin Dewey ya kare ra'ayin malaminsa, kuma ɓangarensu ne ya yi rinjaye. Kusan shekara 30 cire haƙori domin daidaitawa ya zama abin kunya a tsakanin ƙwararru.

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Charles Tweed na jihar Arizona yana cikin ɗaliban Angle na ƙarshe kuma na hannun damansa. Shi ne ya karɓi takardar shaida mai lamba ɗaya bayan da Arizona ta kafa dokar farko a Amurka ta tantance ƙwararrun fannin a 1929. Tweed ya bi koyarwar malaminsa sau da ƙafa. Bayan wasu shekaru ya kira tsofaffin majiyyatansa, ya gwada bakinsu da hotuna da samfuran da ya adana. Abin da ya gani bai yi masa daɗi ba: da yawa haƙoransu sun koma cunkushe, wasu kuma leɓunansu sun turo gaba. Ya sake yi musu aiki, wannan karon ya cire ƙananan turame huɗu da ke bayan fiƙoƙi, biyu a sama biyu a ƙasa. A 1940 ya baje sakamakon majiyyata 100 a taron ƙungiyar. Ya sha suka, har aka zarge shi da cin amanar malaminsa, amma hujjar tana kan tebur kowa na gani. A Ostareliya ma wani ɗalibin Angle, Raymond Begg, ya isa ga irin wannan matsaya ta hanyarsa.

Kammalawa

Angle ya rasu ranar 11 ga Agusta, 1930, a Kalifoniya, shekara goma kafin baje kolin Tweed. Ra'ayinsa na hana cire haƙori bai tsaya yadda ya so ba, domin a yau ana yanke wannan shawara ne bisa awon bakin kowane majiyyaci da siffar fuskarsa. Sauran abubuwan da ya kafa suna nan: horo na musamman bayan digiri, rabe-raben cizo, ƙungiya da mujalla, da ƙarfe mai tsagi. Ɗabi'ar adana hoto da samfuri da ya ɗora wa ɗalibansa ita ce ta ba Tweed damar gano kuskuren, kuma na'urar 1928 ce Tweed ya yi amfani da ita wajen rufe giɓin haƙoran da ya cire. Mujallar da ɗalibansa suka kafa bayan rasuwarsa, The Angle Orthodontist, har yanzu tana fitowa da sunansa.