BABI NA BIYU: TAƘAITACCEN TARIHIN BINCIKE A KAN RUƁEWAR HAƘORI DA KAYAN CIKO

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo manufar wannan aiki da farfajiyarsa. Shi kuwa wannan babi zai waiwayi tarihin yadda masana suka gano musabbabin ruɓewar haƙori, da irin kayan da aka riƙa amfani da su wajen cike kogon da ruɓewar ke haifarwa. Muhimmancin batun zai fito fili idan aka yi la'akari da rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022, wanda ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 2 ne ke da ruɓaɓɓen haƙorin girma, ban da yara miliyan 514 masu ruɓewa a haƙoran nono.

2.1 Fahimtar Mutanen Da

Al'ummomi da dama sun daɗe suna ɗaukar cewa wata tsutsa ce ke shiga haƙori tana cin sa. An sami wannan ra'ayi rubuce a allunan laka na tsohuwar ƙasar Babila, kuma har yau Bahaushe yakan ce tsutsa ta ci wa wane haƙori. Duk da haka, mutanen da ba su zauna haka nan ba. A shekarar 2006 masu haƙar kayan tarihi sun ba da rahoton wasu turame da aka huda da tsinin dutse a Mehrgarh ta ƙasar Pakistan, waɗanda shekarunsu suka kai 7,500 zuwa 9,000. Haka kuma a shekarar 2012 an bayyana wani haƙori daga ƙasar Sulobeniya mai kimanin shekara 6,500, wanda aka toshe tsagarsa da kakin zuma. A ƙasar Sin kuwa, wani littafin magunguna na shekarar 659 ya ambaci wani kwaɓi na azurfa da kuza da zaiba don gyaran haƙori.

Likitan Faransa Pierre Fauchard, a littafinsa na shekarar 1728, ya nuna shakkarsa game da batun tsutsa, ya kuma bayyana yadda ake kankare ruɓar a cike gurbin da darma ko kuza ko zinariya. Zinariya ita ce ta fi ƙarko, sai dai talaka bai iya sayen ta, don haka abin da ya rage masa shi ne cire haƙorin.

2.2 Ɓullowar Amalgam da Taƙaddamar da Ta Biyo Baya

Amalgam kwaɓi ne na garin ƙarafa da zaiba, wanda ake cusawa a kogon haƙori yana da laushi, sa'annan ya sandare. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce. A farkon ƙarni na 19 wani likita a birnin Faris, Auguste Taveau, ya riƙa goge kuɗin azurfa yana kwaɓa garin da zaiba. A shekarar 1833 wasu 'yan'uwa da ake kira Crawcour suka kai wannan kwaɓi birnin Niyok na Amurka, suna tallar sa a matsayin magajin zinariya mai araha. Matsalar ita ce sukan cusa shi ba tare da sun kwashe ruɓar ba, ga shi kuma yana kumbura bayan ya sandare har ya tsaga haƙori.

Wannan ya jawo ƙungiyar likitocin haƙori ta ƙasa baki ɗaya ta farko a Amurka, wadda aka kafa a 1840, ta tilasta wa 'ya'yanta a shekarar 1845 su sa hannu a kan alkawarin cewa ba za su taɓa amalgam ba, wanda ya ƙi kuwa a kore shi. Rigimar ta raunana ƙungiyar har ta rushe a 1856. Abin lura a nan shi ne, ɓangarorin biyu ba su da hujjar gwaji, kowa na magana ne bisa abin da ya gani a ɗakin aikinsa, ga kuma batun kuɗin shiga da ya shiga tsakani.

Wanda ya ɗora al'amarin bisa ma'auni shi ne G. V. Black. Wajen shekarar 1895 zuwa 1896 ya wallafa sakamakon awon da ya yi na kumburi da ƙanƙancewar kwaɓi iri-iri, ya fitar da haɗin azurfa da kuza wanda girmansa bai cika sauyawa ba. Ya kuma karkasa kogunan haƙori gida 5, ya koyar da cewa a faɗaɗa ramin har zuwa inda tsinken goge baki zai iya kaiwa, domin kada ruɓar ta dawo. Kusan shekara 70 ana bin wannan koyarwa, ko da yake tana cin lafiyayyen sashen haƙori mai yawa. A 1963 Innes da Youdelis a ƙasar Kanada suka ƙara yawan jan ƙarfe a haɗin, abin da ya rage ɓarɓashewar gefen ciko.

2.3 Gano Musabbabin Ruɓewa

A shekarar 1890 W. D. Miller, Ba'amurke mai aiki a Balin, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta na cikin baki suna sarrafa ragowar abinci su mayar da shi sinadari mai tsami, shi kuma ya narkar da ɓawon haƙori. A 1924 J. K. Clarke ya ware ƙwayar da ya raɗa wa suna Streptococcus mutans daga ruɓaɓɓen haƙori.

Binciken da ya tabbatar da rawar da sukari ke takawa an yi shi ne a asibitin Vipeholm da ke kusa da garin Lund a ƙasar Suwidin, daga 1945 zuwa 1953, aka wallafa sakamakon a 1954. An ɗauki mutum 436 masu taɓin ƙwaƙwalwa, aka riƙa ba wasu daga cikinsu alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci. Sakamakon ya nuna cewa yawan lokutan da ake cin zaƙi da daɗewarsa a jikin haƙori sun fi yawan sukarin kansa ɓarna. Ilimin ya amfani duniya, amma an same shi ne ta hanyar lalata haƙoran bayin Allah da ba su da ikon cewa a'a. Saboda haka ake kawo Vipeholm a matsayin misalin binciken da ƙa'idojin yau ba za su yarda da shi ba.

Ta fuskar rigakafi kuwa, a ranar 25 ga Janairu, 1945 garin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba sinadarin fuloraid a ruwan famfo. Bayan shekara 11 aka ga ruɓewar haƙori a tsakanin yaran da aka haifa bayan fara shirin ta ragu da fiye da kashi 60 cikin 100.

2.4 Farin Ciko da Simintin Gilashi

Amalgam baƙi ne, kuma ba ya manne wa haƙori, sai an fafe rami mai faɗin ciki da zai riƙe shi. A 1955 Michael Buonocore ya gano cewa idan aka shafa wa ɓawon haƙori wani ruwa mai tsami na ɗan lokaci, yakan yi kaushi yadda roba za ta kama shi. A 1962 Rafael Bowen ya samar da robar da ake haɗawa da garin gilashi a yi farin ciko mai launin haƙori. Bayan haka, a 1972 Wilson da Kent a Landan suka bayyana simintin gilashi, wanda ke manne wa haƙori da kansa, yana kuma sakin fuloraid sannu a hankali.

Wannan siminti ya yi wa Afirka rana. A tsakiyar shekarun 1980 Jo Frencken ya fara gwada wata hanya a Tanzaniya, inda ake kwashe ruɓar da ƙananan kayan hannu a cike gurbin, babu lantarki babu injin huda. Daga baya aka gwada ta da simintin gilashi a Tailan da Zimbabuwe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da ita a ranar 7 ga Afrilu, 1994. Gwaje-gwajen sun nuna ta fi ƙarko a ƙaramin kogo mai fuska ɗaya.

2.5 Gwajin Asibiti da Makomar Amalgam

Tsoron zaiba ya sake tasowa a 1926, lokacin da masanin sinadarai na Jamus Alfred Stock ya yi gargaɗi a kan tururinta. An ɗauki shekara 80 kafin a sami cikakken gwaji. A 2006 aka wallafa bincike biyu: ɗaya a arewa maso gabashin Amurka da yara 534 na tsawon shekara 5, ɗaya kuma a Lisbon ta Fotugal da yara 507 na tsawon shekara 7. An raba yaran ta hanyar ƙuri'a, wasu aka yi musu ciko da amalgam, wasu da farin ciko. An sami zaiba ta ɗan fi yawa a fitsarin masu amalgam, amma ba a ga bambanci ba a awon ƙwaƙwalwarsu. Daɗin daɗawa, farin ciko ya fi yawan lalacewa a turame.

Ke nan abin da ya karya amalgam shi ne batun muhalli, domin zaibar asibitoci takan bi magudanar ruwa ta ƙare a jikin kifi. Nowe ta hana shi a 2008, Suwidin a 2009. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, Nijeriya kuma ta tabbatar da amincewarta a 2018, ta buƙaci ƙasashe su rage amfani da shi. Tarayyar Turai ta haramta shi daga 1 ga Janairu, 2025, in ban da inda likita ya ga larura.

2.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda aka tashi daga ra'ayin tsutsa zuwa awo da gwajin asibiti, da yadda manufa ta sauya daga faɗaɗa rami zuwa barin lafiyayyen haƙori gwargwadon iko. An kuma ga cewa ana kawar da amalgam alhali shi ne mai araha da ƙarko, wanda hakan babban ƙalubale ne ga ƙasashe masu ƙarancin likitoci da wutar lantarki, inda rashin ciko mai sauƙin kuɗi ke nufin cire haƙori. Sanya simintin gilashi cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 mataki ne na toshe wannan giɓi. Babi na gaba zai nazarci kalmomin da Hausawa ke amfani da su wajen bayyana ciwon haƙori da maganinsa.