Lugu, Ƙauyen Sarauniya

A ƙasar Arewa, cikin karkarar Dogon Dutsi ta jihar Doso, akwai wani ƙauye mai suna Lugu. Ba shi da ganuwa, ba shi da babbar kasuwa, amma sunansa ya kai inda na manyan birane da yawa bai kai ba.

Tarihin baka na Gubawa ya ce wata mace da ta fito daga Daura ita ce ta kafa garin, dutsen tsafi mai suna Tunguma yana nuna mata hanya. Daga gare ta sarautar Sarauniya ta samo asali. Da Arawa suka iso daga baya, sai aka raba aiki: su suka riƙe mulkin jama'a, Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji kuwa suka riƙe sha'anin ƙasa, da roƙon ruwa, da albarkar damina. Sarauniya ba ta fada, ba ta dogarai. A ɗaki take zama cikin fararen tufafi, tana kaɗi. In ta rasu, gawarta ake ɗauka a zaga da ita har ta nuna magajiya, abin da ake kira tarkama.

A watan Afrilu na shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta iso, bayan ta ƙone garuruwa masu yawa. Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Maharba suka tari bindiga da kwari da baka, sa'an nan suka janye cikin kurmi. Aka cinna wa garin wuta. Cikin watan Yuli na shekarar nan, sojojin rundunar da kansu suka kashe shugabannin biyu a wajen Maijirgi, mutanen Arewa kuwa suka ce alhakin Lugu ne.

Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun kai sunan Sarauniya duniya, a siffar jarumar yaƙi. Amma yaƙin kwana guda ne cikin tarihi mai tsawo. Ainihin Lugu shi ne amanar da ke tsakanin mutane da ƙasar da suke nomawa, wadda aka damƙa a hannun mace. Zuriyar garin ta watsu neman gonaki, mafi yawanta ta musulunta, masu sanin tushen abin kuwa tsofaffi ne. Abin da ba a ɗauka daga bakinsu ba, babu littafin da zai maido shi.